Waiwaye: An ƙirga baƙi, ba a ƙirga masu masauki ba

A watan Agustan 2014 Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram, Bama ta bi baya a Satumba, Mubi kuma a ƙarshen Oktoba. Wanda ya zauna a Maiduguri ko Yola a wannan lokaci ya gani da idonsa: motoci na shigowa maƙare da tabarmi da tukwane, wasu kuma a ƙafa suka tako kwana da kwanaki. Gidan mutum takwas ya wayi gari da talatin. Maigida ya bar wa mata da yara ɗakinsa ya koma zaure, tukunyar da ake ɗorawa ta daina isa. Amma in ka tambaya su nawa ne suka gudo, kowace hukuma da nata adadin.

Wannan ruɗani yana da tushe mai nisa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira an tsara ta ne domin waɗanda yaƙin duniya na biyu ya tarwatsa a Turai, sai a 1967 aka faɗaɗa ta. Ƙasashen Afirka suka yi tasu a Addis Ababa a 1969. Dukkansu a kan wanda ya tsallake iyakar ƙasa suke magana. Shi ne UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke yi wa rajista, shi ke da lamba da kati. Matar da ta baro ƙauyensu ta sauka a gidan ƙaninta a cikin ƙasarta kuwa, babu littafin da ke ɗauke da sunanta. Sai a 1998 Francis Deng, ɗan Sudan kuma wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya gabatar da ƙa'idojin kula da waɗanda suka rasa matsuguni a cikin ƙasarsu, a shekarar kuma aka kafa cibiyar da ake kira IDMC a Geneva don bin diddigin yawansu. Afirka ta ƙara gaba da yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan irin waɗannan mutane, wadda ta fara aiki a 2012.

A Najeriya, ƙirga mai tsari ta fara ne a ƙarshen 2014, lokacin da IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, ta haɗa kai da NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, da hukumomin agaji na jihohi. Zagayen farko bai shiga Borno ba, adadin da aka samu bai kai 400,000 ba. Da aka sa Borno a farkon 2015 sai ya haura miliyan ɗaya, kafin shekarar ta ƙare ya zarce miliyan biyu. Ma'aikata kan bi unguwa unguwa, su zauna da bulama ko mai unguwa ko liman, su tambayi gidaje nawa suka karɓi baƙi, daga ina, tun yaushe. Daga baya aka kawo na'urar ɗaukar zanen yatsa don kada mutum ɗaya ya shiga rajista sau biyu.

Abin da wannan aiki ya tono shi ne mafi muhimmanci a wurina: mafi yawan mutanen ba a sansani suke ba, a gidajen jama'a suke. Hotunan da duniya ke gani na tantuna ne a jere, alhali nauyin yana wuyan talakan da ya buɗe ƙofarsa. Shi ne kuɗin haya ya hau kansa, shi ne layin rijiyar burtsatse ya yi wa tsawo, ɗansa ne ke zama a aji ɗaya da yara fiye da ɗari. Ranar rabon kayan abinci baƙo ya fito da katinsa, mai masauki ya tsaya yana kallo, bayan rumbunsa ne aka fara cinyewa. Daga irin haka ake fara jin ƙorafi tsakanin mutanen da a da suke ci a kwano ɗaya.

A Diffa ta Jamhuriyar Nijar lissafin ya ƙara wuya. Akwai 'yan Najeriya da suka ƙetaro kogin Komadugu, akwai 'yan Nijar da suka daɗe a Borno suka dawo gida, akwai kuma mutanen yankin da suka tashi daga bakin tafkin Cadi. Yare ɗaya, auratayya ɗaya, da yawa ba su da takardar haihuwa. A wane layi za a rubuta su? Da 'yan Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwarara jihar Maraɗi a 2019 saboda 'yan bindiga, an ɗan koyi darasi: an zaunar da wasunsu a ƙauyuka irin su Garin Kaka da Cadakori, aka yi ruwa da makaranta da asibiti don baƙi da 'yan gari baki ɗaya.

Manyan hukumomi ma sun farga, ko da yake a makare. Hukumar ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin ƙirga 'yan gudun hijira a 2018, na waɗanda ke cikin ƙasarsu a 2020. Bankin Duniya da UNHCR suka buɗe cibiyar bayanai ta haɗin gwiwa a Kopenhagen a 2019, da nufin a riƙa auna talauci da aikin yi da karatun yara na baƙi da masu masauki tare. Sai dai a Najeriya rabon da a yi ƙidayar jama'a tun 2006. Garin da ba a san yawan mutanensa ba kafin baƙi su zo, da me za a auna nauyin da ya ƙaru a kansa?

Tun 2021 gwamnatin Borno ta soma rufe sansanonin Maiduguri, har da wanda ake kira Bakassi. Wasu sun koma garuruwansu, wasu sun kama ɗaki a bayan gari ko sun koma wurin dangi, inda ganinsu a rajista ya fi wuya. A Gusau da Katsina da Sakkwato kuwa, inda sansanonin hukuma ba su da yawa tun farko, matan da suka baro ƙauyuka suna kwana a kangwaye da tashoshin mota, maƙwabta ne ke miƙa musu tuwon dare.