Waiwaye: Abin da Ɓeraye Suka Nuna Game da Fulorayid

Ɓeraye ne suka fara ba da shaida a kan fulorayid, wani sinadari da ake samu a ruwan sha. A 1931, masu bincike a Jami'ar Arizona ta Amurka sun ɗebo ruwan garin St. David, inda haƙoran yara ke yin dabbare-dabbare, suka shayar da ɓeraye, sai haƙoransu su ma suka lalace, aka gane fulorayid da ke cikin ruwan ne sanadi. Daga baya aka gano cewa ɗan kaɗan ɗinsa yana hana ruɓewar haƙori, har birnin Grand Rapids ya fara zuba miligiram 1 a kowace lita ta ruwan famfo a 1945.

A 1958 kuma aka hango wani abin da yake yi a cikin ƙwayar halitta. Earl Sutherland da Theodore Rall sun lura cewa fulorayid yana tayar da sinadarin da ke isar da saƙon homon (sinadarin da jiki ke aika saƙo da shi) zuwa cikin ƙwaya, ko da homon ɗin bai zo ba. Aka shafe fiye da shekara ashirin ana amfani da shi a ɗakunan gwaji ba tare da an san dalili ba. A 1982 Paul Sternweis da Alfred Gilman suka warware ƙullin, ashe ba fulorayid kaɗai ke aikin ba. Ɓurɓushin alminiyam da ke fitowa daga jikin kwalaben gilashi, da wanda ke cikin sinadaran gwajin, shi ke haɗuwa da fulorayid, su yi kama da fosfet, sinadarin da ke kunna wani furotin mai isar da saƙo da ake kira furotin G, su zauna a jikinsa. Shi wannan furotin tamkar makunnin lantarki yake, sai ya maƙale a kunne, ƙwaya ta yi ta karɓar saƙon da ba wanda ya aiko.

A nan ne masu gardama kan illar fulorayid a ruwan sha kan yi gaggawa. Adadin da ake zubawa a kwalba ya ninka na jinin mutum sau dubbai, shi ya sa aka koma ga dabbobi a ga abin da dogon sha zai haifar. A 1995 Phyllis Mullenix ta ba ɓeraye ruwa mai miligiram 75 zuwa 125 a lita, ta ce halayensu sun sauya. A 1998 Julie Varner da abokan aikinta suka yi shekara guda suna ba su ɗan kaɗan, suka ba da rahoton illa a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Amma a 2018 hukumar binciken guba ta Amurka ta gwada miligiram 10 da 20, ba ta ga tawaya a koyo ko tunawa ba. Ga kuma wata matsalar: ɓera sai ya sha kusan ninki biyar kafin fulorayid da ke jininsa ya kai na mutum.

Ni dai a ganina, ɓarnar fulorayid mai yawa ba abin musu ba ce. Mutanen Tibiri kusa da Maraɗi sun ga yadda ruwan rijiyar burtsatse ya tanƙware ƙafafun yaransu. Inda hujjar dabbobi ta yi rauni shi ne a ƙaramin adadi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5, Amurka ta rage adadin da take ba da shawarar a zuba a ruwan famfo zuwa 0.7 a 2015, kuma rahoton 2024 na waccan hukumar guba, wanda ya danganta abin da ya haura 1.5 da raguwar kaifin basirar yara, ya dogara ne da binciken mutane fiye da na ɓeraye.