Tsohon soja da giya ta kama: ko yana da haƙƙin diyya a Amurka?

A dokar Amurka, shan giya shi kaɗai ba ya sa a biya tsohon soja diyyar naƙasa. Amma idan ciwon da ya samo a bakin aiki ne ya jefa shi cikin shan, ƙofa a buɗe take.

Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda ake kira VA, tana biyan kuɗi duk wata ga wanda aikin soja ya bar wa rauni ko cuta. A 1990 majalisar dokokin ƙasar ta hana biyan diyya kan naƙasar da mutum ya jawo wa kansa da giya ko ƙwaya, kuma hanin ya shafi duk buƙatar da aka shigar bayan 31 ga Oktoba na shekarar.

Sai a 2001, a shari'ar wani tsohon soja mai suna Allen da Principi, shugaban VA na lokacin, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce hanin bai haɗa da wanda shansa ya samo asali daga ciwon da aka riga aka amince aikin soja ne ya haddasa ba. A ganina kotun ta yi adalci. Ka ɗauki sojan da ya dawo daga Iraƙi, ƙarar rufe ƙofa kawai ta sa shi zabura, dare ya raba idonsa biyu, barci ba ya zuwa sai ya sha. Wannan mutum firgicin yaƙi ne ke cin sa, cutar da likitoci ke kira PTSD, giyar kuwa maganin da ya nemo wa kansa ce. Idan daga baya hantarsa ta lalace, ita ma ana iya lissafa ta cikin diyyar.

Wahalar tana wajen hujja. Faɗar baki ba ta isa, sai likita ya rubuta cewa yiwuwar ciwon ne ya haifar da shan, ko ya ƙara tsananta shi, ta kai aƙalla kashi 50 cikin ɗari. Daga nan VA za ta auna tsananin naƙasar. Cututtukan ƙwaƙwalwa irin su PTSD ana ba su kashi 0, 10, 30, 50, 70 ko 100, kuɗin kuma yana bin wannan ma'auni.

Magani dabam, diyya dabam. Tsohon sojan da ya cancanci kulawar asibitocin VA zai iya samun jinyar daina sha ko da an ƙi ba shi diyya, don haka kada ya ɓoye wa likitansa yawan abin da yake sha.