Me ake nufi da fiyudalizim, kuma harajin yau shi ne na wancan zamanin?

Yanzu da an taɓo maganar haraji sai ka ji wani ya ce ai mun koma fiyudalizim, mu bayi ne kawai gwamnati ce ubangidanmu. Na fahimci zafin da ke sa a faɗi haka, amma kalmar tana da ma'anarta kuma ya kamata mu san ta.

Fiyudalizim suna ne da masana tarihi suka laƙaba daga baya wa tsarin da aka yi a yammacin Turai tun wajen ƙarni na 9 har zuwa na 15. Tushenta kalmar Latin ce, feudum, wato filin da babba ya yankar wa na ƙasa da shi, shi kuma ya yi masa caffa ya riƙa yi masa hidima. A Ingila abin ya fi fitowa sarari. A 1066 William, mai mulkin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ci ƙasar da yaƙi, ya ce duk ƙasar tasa ce, ya rarraba wa manyan mayaƙansa da shugabannin coci, su kuma su kawo masa mahaya dawaki masu sulke, yawanci na kwana 40 a shekara. A 1086 ya sa aka bi gari gari ana rubuta gonaki da garmuna da wuraren niƙa, don ya san abin da zai iya karɓa.

To can ƙasa akwai manomi, wanda za mu iya kira bawan ƙasa. Ba bawan da ake kaiwa kasuwa ba ne, yana da 'yar gonarsa da yake ci da iyalinsa, yana da damar kiwo a makiyayar ƙauye, amma an ɗaure shi da filin, idan fili ya koma hannun wani shi ma ya bi. Kowane mako zai yi kwana 2 ko 3 a gandun ubangida kyauta, lokacin girbi a ƙara masa, nasa hatsin na can gona yana jira. Kashi ɗaya cikin goma na abin da ya noma na coci ne. Zai aurar da 'yarsa sai ya biya ubangida. Ranar da ya mutu a zo a kaɗa dabbar da ta fi kyau a garkensa, iyali na kuka ana jan saniya. Kuma ba shi da ikon tashi ya bar ƙauyen sai da izini, idan ya gudu ana iya bin sa a dawo da shi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar niƙa. Dole ka kai hatsinka wurin niƙan ubangida a ɗebi wani kaso. A garin St Albans na Ingila mutane suka riƙa niƙa a gida da ƙananan duwatsu, sai shugaban gidan ibadar da ke mulkinsu ya ƙwace duwatsun a 1331, ya sa aka daɓe ƙasan wani ɗaki da su ana takawa. Ka duba fa, dutsen niƙan mace. Sai bayan shekara 50, a boren manoma na 1381, mutanen garin suka shiga suka tone daɓen, suka farfasa duwatsun suka rarraba a tsakaninsu kowa ya tafi gida da guntu. Shi kansa boren harajin kai ne ya tayar da shi, sule ɗaya kan duk wanda ya haura shekara 15, mai shi da marar shi duk ɗaya, bayan annobar 1348 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar.

Me manomin ya samu? Kariya idan an kawo hari, da kotu. Kotun kuma ta ubangidan ce, tarar da aka ci ka aljihunsa za ta shiga. Makaranta ko asibiti ba ya cikin alƙawarin, ɗan abin da ake samu daga coci ne. Faransa ta soke tsarin a 1789, Rasha sai 1861 ta 'yanta manomanta.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa duk ɗaya ne. Bambancin ba a yawan kuɗin yake ba. Harajin yau, kamar VAT na kashi 7.5 da ake ɗora wa kaya a Najeriya, majalisa ce ke yin dokarsa, ana karanta kasafin kuɗi a bainar jama'a, kuɗin ba gadon gidan kowa ba ne, kana da ƙuri'a kana da bakin tambaya ina aka kai. Ka tashi daga Kano ka koma Legas ba ka nemi izinin kowa ba. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Kano, kuma ƙuri'ar talakawa ce ta kai ta kujerar, bawan ƙasa bai taɓa samun irin wannan ƙofar ba.

Amma ba zan ce masu ƙorafi ba su da gaskiya ba. Wanda ake yankar masa haraji a albashi, sannan ya haƙa bohol da kuɗinsa, ya sayi janareta, ya kai yara makarantar kuɗi, ya biya 'yan sintirin unguwa, wallahi yana da haƙƙin ya yi fushi, don an karɓi nasa ba a cika alƙawari ba. Wannan sunansa saɓa alƙawari, kuma akwai wanda za a iya riƙewa a kai.

Inda kalmar take kusan dacewa shi ne wasu ƙauyukan Zamfara da Sakkwato da Katsina, inda mai bindiga ke ƙaƙaba wa gari kuɗi kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe, wani lokaci a tasa ƙeyar magidanta su je su nome masa gonarsa kyauta tukuna su taɓa tasu. Shi ke yanka kuɗin, shi ke yin shari'a, kuma babu wanda zai iya tambayarsa ina ya kai.