Gurɓataccen ruwa: mai laka ne ko mai cuta?

Tun da hukumomin lafiya na Sudan suka shelanta ɓarkewar kwalara a watan Agustan 2024, kalmar "gurɓata" ta samu kasuwa a bakin mutanenmu. Da Larabci ake fara faɗa, a ce talawwus, sannan in an zo yi wa Hausawan Mai Wurno ko Gadarif ko Kasala bayani sai a ce gurɓacewa. Mai rediyo na faɗa, liman na faɗa, ɗan siyasa ya ara ya yafa. Yanzu har makarantu da halwowi, wato makarantun allo, sun fara fitar da yara bakin ruwa da buhunan tsintar leda da kwalaye masu rubutu, wai yaƙi da gurɓacewar kogi. Niyyar mai kyau ce. Amma in ka tsayar da yaro ɗaya cikin masu kwalin nan ka ce ya nuna maka gurɓataccen ruwa, zai miƙa yatsa ga ruwa ja mai laka, ya juya wa ruwa garau baya yana ganin lafiya lau. Daga nan matsalar ta faro, kuma ba laifin yaron ba ne.

A Hausar kakanninmu, gurɓata ruwa shi ne ka tayar da abin da ya kwanta a ƙasansa. Shanu sun shiga tafki sun gurɓata shi. Yarinya ta zura moɗa har gindin randa ta gurɓata ruwan sha, uwarta ta yi mata faɗa, aka bar shi ya kwanta, shi ke nan. Abu ne da ido ke gani, kuma haƙuri ke maganinsa. Da masu aikin jarida suka buƙaci sunan da za su ba ruwan da guba ko ƙwayar cuta ta shiga, sai suka ɗora wa tsohuwar kalmar sabon kaya. Ba su sauke mata tsohon ba. Saboda haka mai magana na nufin abin da ba a gani, mai sauraro na jin abin da ake gani, kowa ya tashi yana tsammanin an fahimci juna.

A ƙasar da ba ta da kogi irin namu wataƙila wannan ba zai dame kowa ba. Mu kuwa Nilu Shuɗi ne a ƙofar gidanmu. Daga tafkin Tana yake fitowa, ya ratso tsaunukan Habasha, kuma daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ake kira damira, yakan iso da launin shayi mai madara. Wanda ya taɓa tsayawa a Mugran ta Khartum, mahaɗar Nilu Shuɗi da Farin Nilu, a wannan lokaci ya ga yadda ruwan koguna biyun ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba na ɗan lokaci. Wannan laka, wadda Larabawa ke ce wa ɗami, ƙasar Habasha ce ruwan sama ya wanko. Ita ce takin masu noman bakin kogi, juruf, da ba su san buhun takin zamani ba. Ita masu bulo ke haƙa su gasa. Tsibirin Tuti da gonakinsa a kanta suke zaune. Da jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna kudu da Sinnar, wannan jan ruwa suka tarar, shi suka sha, da shi suka yi alwala. Tun da Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a 2020, kukan masu bulo da manoman gaɓa shi ne lakar na raguwa. Wato abin da muke koya wa yaro ya ƙyamata, ubansa na neman sa ido rufe.

Malamanmu na zaure ma sun riga kowa raba wannan gardama. Duk wanda ya karanta Risala ya san ruwan da ƙasar da yake kwance a kanta ta sauya wa launi, ta gishiri ce ko ta taɓo, bai fita daga tsarki ba. Wanda najasa ta sauya wa launi ko ɗanɗano ko wari shi ne ya lalace. Sun bambanta abin da ruwa ya ɗauko daga shimfiɗarsa da abin da aka zuba masa daga waje. Ina mamakin yadda almajirin halwa ya riƙe wannan bambanci, mai karanta labarai ya sake shi.

Kada a ɗauka ina wanke laka ne gaba ɗaya. Tana da nata laifin. Tana cike magudanan Jazira, babban yankin noman ban-ruwa da ke tsakanin Nilu Shuɗi da Farin Nilu, har sai an kawo injin yasa, tana wahalar da tashoshin tace ruwa duk damina, kuma mafi muni, tana ɓoye ƙwayoyin cuta daga kulorin. Ƙwayar kulorin da za ta wadatar da jarkar ruwa garau ba za ta wadatar da jarkar ruwan damira ba. Shi ya sa ake fara kwantar da ruwa kafin a sa magani, a kuma jira rabin awa kafin a sha. Matan bakin Nilu sun daɗe da sanin rabin farko na wannan aiki: su daka 'ya'yan zogale, wanda a nan ake wa laƙabi da itacen rawwak, ko su jefa alam, su motsa a cikin zir, wato randa, laka ta dunƙule ta nutse. Sai dai kwantar da laka daban, kashe cuta daban. Zogale na yin na farko sosai, na biyun kuwa bai kammala shi.

To ina ainihin haɗarin yake? Je ka cikin Jazira bayan damira ta wuce. An gama madatsar Sinnar a 1925, daga ita aka ja babbar tur'a, wato magudanar ban-ruwa, ta rarrabu zuwa ƙanana, su kuma suka rarrabu zuwa 'yan magudanan da ake kira Abu Ishirin, da ke kai ruwa bakin hawasha, wato gonar manomi. An tsara ƙananan tur'o'in ne su riƙe ruwa da dare a sake shi da rana, don haka ruwansu ba ya gudu sosai. In laka ta kwanta sai ya yi garau, rana ta ratsa shi, ciyawa ta tsiro, har kana hango ƙananan kifaye. Duk uwar da ta gan shi za ta ce wa ɗanta je ka yi wanka. A cikin wannan ciyawa kuwa ƙananan dodon koɗi ke zaune, wasu ba su kai farcen babban yatsa ba, kuma su ne masaukin tsutsar tsargiya.

Ga yadda take zagayawa, don yaro ɗan shekara 10 zai iya riƙe shi in an gaya masa. Mai ɗauke da cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa ko a gaɓa. Ƙwan da ya fita daga jikinsa ya ƙyanƙyashe a ruwan, abin da ya fito ya nemi dodon koɗi ya shige. Bayan 'yan makonni sai dubban 'yan tsutsotsi su riƙa fitowa daga jikin dodon koɗin, sun fi yawa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa. Ba sai an sha ba. Ta fata suke shiga, ta ƙafa ko hannu ko ciki, su bi jini su girma. Iri ɗaya na zama a jijiyoyin mafitsara, shi ke sa fitsarin jini, wanda a wasu ƙauyuka har ake ɗauka alamar balagar ɗa namiji ce. Ɗayan na zama a jijiyoyin hanji, ya yi shekaru yana cin hanta shiru, sai mutum ya girma a ga ciki ya kumbura ko ya yi aman jini. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, daga sunansa aka samo bilharziya da ake faɗa a asibitocinmu. Daga 1979 an yi kusan shekara 10 ana wani babban shiri na lafiya a yankin Nilu Shuɗi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ana raba maganin praziquantel, ana kashe dodon koɗi, ana gina masai. Cutar ta ragu ƙwarai, da aka saki aikin ta sake ɗagowa. Duk wannan a cikin ruwan da ko ɗigon laka babu.

Kwalara ma haka take, ba ta da launi. A watan Fabrairun 2025 da aka kai hari tashar lantarki ta Um Dabakar, tashar ruwan Kosti ta tsaya, mutane suka koma sayen ruwan da masu karo ke ɗebowa da jaki daga Farin Nilu, cikin 'yan kwanaki asibiti ya cika. Ba wanda ya ga cutar a cikin ganga. Zaibar da masu haƙar zinari ke wanke ƙasa da ita a arewa, da ragowar maganin feshin auduga da ke gangarawa magudana, su ma ba sa sauya wa ruwa kama.

Abin da ya sa nake jin zafin wannan ruɗani shi ne na ga inda yake kai wa. Wata makaranta ta fitar da ɗalibanta ranar tsabtace tur'a. An rubuta kwalaye, an yi waƙa, sannan aka ce su naɗe wando su shiga su tsamo leda da robobi. Babu takalmin roba, babu safar hannu, rana tsaka. Wata yarinya ta tsaya a gaɓa ta ƙi shiga.

"Malam, Innata ta ce kada in taka ruwan nan, shi ya ba yayana tsargiya."

"Ke dai tsoro gare ki. Dubi yadda yake garau, ai ledar ce kawai ta gurɓata shi."

Malamin ba mugu ba ne, kalmar ce ta yaudare shi. An tara buhunan shara, an ɗauki hoto an sa a Facebook, ruwa ya ƙara kyan gani, yara kuma sun kwashe awa guda tsundum a gidan dodon koɗi. Leda abin ƙi ce, tana toshe magudana, tana kashe awaki, tana tare ruwa sauro ya hayayyafa. A tsince ta, amma da sanda mai ƙugiya daga kan gaɓa, manya kuma su shiga da dogon takalmi.

Ni a ganina, in za a sa yara cikin kare ruwa, to a fara da yarda cewa sun fi mu sanin ruwan. Su ke ɗebo shi, su ke kai awaki, su suka san inda ake tsugunawa bayan duhuwar kirya, da inda mata ke wanki, da inda mai karo ke cika gangarsa. A ba su takarda su zana tur'ar unguwarsu, su sa alama a kowane wuri. Sau da yawa taswirar kaɗai za ta nuna cewa wurin tsuguno yana sama da mashaya, ruwa na gangarowa daga can zuwa nan. A cika kwalba biyu, ɗaya da ruwan kogi ɗaya da na tur'a, a ajiye a tagar aji su ga laka ta kwanta da kanta, sannan a tambaye su: wanne ne yanzu za a sha? Amsar ita ce babu, sai an sa kulorin ko an tafasa. Babba ya kamfato ciyawar ruwa da rariya mai dogon hannu, a zuba a faranti, su ga dodon koɗin da idonsu ba tare da sun taɓa ba. A gaya musu tsutsar tsargiya ba ta wuce kwana 2 a raye in ba ta samu jiki ba, don haka ruwan wankan da aka ɗebo aka ajiye ya kwana biyu ya fi wanda aka faɗa ciki. Malamin halwa kuwa yana da nassi a hannu: hadisin da ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, da wanda ya ja kunne kan bayan gida a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa.

Sai maganar kai kuka, wadda ake kira fafutuka. Kwalin da aka rubuta "a daina gurɓata kogi" bai umarci kowa da komai ba, kowa zai gyaɗa kai ya wuce. Amma ɗaliban da suka je gaban kwamitin unguwa ko sarkin Hausawa da taswirarsu suka ce makarantarmu ba ta da masai, muna so a yi nafir, gayya ke nan, a haƙa. Ko a ɗora gungume a kan Abu Ishirin don mu daina ratsawa da ƙafa. Ko a tambayo mana yaushe za a dawo da rabon maganin tsargiya a makarantu. Ko a riƙa sa kulorin a gangar kowane mai karo kafin ya bar bakin ruwa, waɗannan buƙatu ne da ake iya cewa an yi ko ba a yi ba. Dattijo na jin nauyin yaro in ya zo da magana mai kai, musamman in jikansa ne ke riƙe da takardar.

Kalmar kanta ba za a iya korar ta ba, ta riga ta zauna. Abin da nake roƙon masu rediyo da masu fassara wa ƙungiyoyin agaji shi ne su riƙa ƙarasa zance. In laka ake nufi a ce ruwa mai laka. In kashi ne a ce kashi ya shiga ruwa, kunya ba ta hana kwalara. In zaiba ce ko maganin feshi a ce guba. In tsargiya ce a ce ruwan nan akwai dodon koɗi, kada a taka, ko da ana ganin ƙasansa.