Waiwaye: yadda jujin Zariya ya tashi daga taki ya koma laifi

Bahaushe ya ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa a kansa yake zubawa. Wanda ya fara faɗin wannan magana ba zagin babba ya yi ba, yabonsa ya yi, domin a zamaninsa juji wuri ne sananne a unguwa, mai haƙuri, mai amfani, kuma mai ranar kwashewa. Yau idan ka tsaya a bakin wata kwata a Tudun Wada ko Sabon Gari bayan ruwan farko na damina, ka ga ledoji sun toshe bakin kwalbati ruwa yana neman hanyar shiga gidajen mutane, da wuya ka kwatanta dattijon kirki da wannan abin.

A tsohon Birnin Zazzau, cikin ganuwa, abin da gida yake fitarwa kaɗan ne, kuma kusan duk ƙasa tana iya cinye shi: toka, ɓawon gyaɗa, dusa, kashin awaki da na kaji, ganyen da aka naɗe abinci, fasasshiyar tukunya. Ana tara shi a bayan gida ko a jujin unguwa, rana ta dafa shi duk tsawon rani. Da bazara ta kusa sai masu jakuna su zo da mangala su yi ta jigila ta ƙofofin gari, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Kuyambana, zuwa gonaki. Mai gona yakan roƙa, wani lokaci ma ya saya. Wanda bai samu kai wa gona ba yana ƙarewa a kududdufi, waɗannan ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje, waɗanda kuma su ne ke shanye ruwan sama idan ya yi yawa. A wancan tsarin babu ma'anar a ce wani ya saci jiki ya zubar da shara, don ba a jefar da abin da wani zai zo nema.

Zuwan Turawa da jirgin ƙasa, wanda ya iso Zariya wajen 1911, shi ya haifar da unguwanni a wajen ganuwa, Sabon Gari da Tudun Wada, daga baya Samaru ta cika bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mazauna waɗannan wurare da yawansu ma'aikata ne da 'yan kasuwa a gidajen haya, ba su da gonar da za su kai taki. A nan ne duba-gari ya yi suna. Tsofaffi har gobe suna ba da labarin yadda mata ke rige-rigen share tsakar gida da wanke randa idan aka ce ga shi nan tafe, domin yana leƙa tulu, yana leƙa masai, kuma sammacinsa yana kai mutum gaban alƙali. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, aikin kwashe shara ya koma hannun ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999 ma a nan ya bar shi. Aikin ya koma, amma kwarjinin duba-gari bai bi shi ba.

A daidai wannan lokaci abubuwa biyu suka karya tsohuwar hanyar juji zuwa gona. Na farko takin zamani, wanda gwamnati ta riƙa sayarwa da rahusa tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976, har manomi ya ga buhu ɗaya a bayan keke ya fi masa sauƙi a kan sawu ashirin na jaki. Na biyu, wanda ya fi muni, leda. Ta kori ganye daga hannun mai ƙosai da mai alale, ta kori kwarya da kwando daga kasuwa. Sai ruwan leda ya shigo a shekarun 1990 ya cika aikin, daga baya kuma ga ƙunzugun yara na zamani, wanda ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa da daɗi, akuya ma ba ta da abin yi da shi. Ita akuyar, idan ta ci leda, mahauta ne ke gani a tumbinta. Juji ya daina zama taki, ya zama kaya a wuyan unguwa.

Gwamnatin Buhari da Idiagbon ta gwada bulala. Yaƙi da rashin ɗa'a ya fara a watan Maris na 1984, a 1985 aka ƙara masa babin tsaftar muhalli, daga nan aka gaji al'adar Asabar ɗin ƙarshen wata da ake hana zirga-zirga da safe. An share gari, ba musu. Sai dai wanda ya rayu a lokacin ya san inda aka fi samun cikas: a fito da laka daga kwata a tara a bakin titi, motar kwasa ba ta zo ba, ruwan sama ya maida ita inda ta fito.

Dokar da ta fi kowace tsanani a kan shara kuwa ba daga kwatocinmu ta fito ba, daga teku ta zo. A 1988 aka gano cewa wasu 'yan kasuwar Italiya sun jibge sama da tan 3,500 na sharar masana'antu mai guba, cikin dubban duro, a wani fili a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel, Delta ta yanzu. Mai filin ana biyansa kimanin dala 100 a wata. Gwamnatin Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta matsa har aka kwashe kayan aka mayar. A shekarar aka yi Doka ta 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai cutarwa ko zubar da ita, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, wadda NESREA ta gaje ta a 2007. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Basel kan safarar shara mai cutarwa ta biyo baya a 1989, ta Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da irin wannan shara Afirka. Jihar Kaduna ita ma ta kafa tata hukumar, KEPA. Duk da haka a 2006 wani jirgi ya sauke gubarsa a Abijan, mutane suka mutu, dubbai suka kwanta. Masu wannan sana'a sun koyi darasi ɗaya ne kawai daga Koko, wato a daina zuwa da duro. Yanzu sharar tana shigowa da sunan kayan gwanjo, talabijin da firji da kwamfutar da wasunsu tun a can sun mutu, kuma rabonmu daga ciki yana isowa shagunan masu gyara a Sabon Gari.

A ganina nan ne aka yi kuskuren da har yau muke biya. An yi doka mai kaifi domin baƙon laifi, an bar laifin gida ba a yi masa hanya ba. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Zariya sama da mutum dubu 400, Sabon Gari kusan dubu 290, kuma tun daga lokacin gari sai faɗi yake yi ta Ɗanmagaji da Dogarawa da bayan Samaru, a unguwannin da aka yanka filaye ba a ware ko taku goma na zuba shara ba. Matar da ke cikin irin wannan lungu, wanda mota ba ta shiga, me za ta yi da bokitinta? Ta ba yaro 'yan canji ya kai bola. Yaro ba zai yi tafiya mai nisa da kaya a ka ba, zai sauke a kango na farko da ba mai gadi, ko gefen layin dogo, ko bayan katangar maƙabarta. Mai baro da ya karɓi kuɗin gida goma shi ma haka, sai dai shi yana jiran dare. Wasu kuwa hadari suke jira, da an fara yayyafi a juye kwando a kwata, ruwa ya kai wa na gangare. Rubutun da ake yi a jikin katanga, daga roƙo har zuwa Allah ya isa, bai hana komai ba.

Akwai kuma zubarwar da ba ta talaka ba ce. Kududdufin da kakanni suka bari yana shanye ruwa, yau fili ne mai tsada. Ana gayyato shara da gangan a cike shi, a bi da jar ƙasa, a yanka a sayar, a yi gini a kan leda. Ruwan da ya saba kwanciya a nan bai san an sayar ba, sai ya shiga ɗakin maƙwabta. Abin da ya tsira daga kwata kuma kogin Kubanni yake nufa, ya zarce kogin Galma, alhali a bakin waɗannan ruwaye ne masu lambu ke ban-ruwan latas da kabeji da tumatir ɗin da ke dawowa kasuwa. Masu bincike a jami'ar Samaru sun daɗe suna auna dalma da sauran ƙarafa masu cutarwa a ƙasar jujin garin da ruwansa.

Abin mamaki, juji ya sake yin daraja, amma ta wata fuska. 'Yan jari-bola da 'yan gwangwan suna tsince ƙarfe, alminiyam, tagulla da robar lemo, a auna a kilo, a loda tirela zuwa masana'antun narkewa. Ba don su ba da tarin ya ninka haka, kuma dubban matasa da wannan suke ci. Sai dai sikeli ba ya tambayar inda ƙarfe ya fito. Murfin kwalbati, wayar lantarki, ƙarfen layin dogo, tukunyar da aka bari a tsakar gida, duk suna iya hawa. Wayar da aka samo ana ƙona ta a fili don a fitar da tagulla, tsohon batirin mota a fasa shi a zubar da ruwansa a ƙasa don a ciri dalma. Gwamna Zulum ya haramta sana'ar a Borno a 2023, Abuja ma ta hana 'yan bola yawo a farkon 2025 bayan satar murafan kwalbati a manyan tituna.

Manomi ma ya waiwayo. Tun da takin zamani ya yi tsadar da ya yi a 'yan shekarun nan, tifa da kura sun koma bakin tsofaffin juji da rani, inda jakuna suka saba tsayawa. Bambancin shi ne yanzu sai an sa yara sun bi tarin da manjagara suna tsince leda da kwalba da allurar asibiti, a tara gefe a cinna wuta, sauran da ya kuɓuce kuma garma ta binne shi tare da iri.