Dan Allah ku daina cewa "a ba shi lokaci, zai yi magana"

Ranar Talatar da ta wuce muna tsaka da awo da rigakafi wata baiwar Allah ta kawo jaririyarta 'yar wata huɗu, ga wani yaro biye da ita zai kai shekara biyar. Tunda suka shigo bai kalli fuskar kowa ba, ya je ya tsuguna gaban fankar ƙasa yana kallon yadda take juyawa yana ta kaɗa hannuwa. Na kira sunansa sau uku, uwar ma ta kira, ko gezau. Amma wata mata na ɓare ledar biskit can bayan benci sai ya waiga nan take. Na ce Maman yara, yana magana kuwa? Ta ce "a'a Sista, amma kakarsa ta ce babansa ma sai da ya shekara shida ya buɗe baki, gadon gidansu ne, a ba shi lokaci."

Wallahi na gaji da jin wannan maganar. A ba shi lokaci. Watan nan kaɗai sau huɗu ina jin ta, daga baki daban-daban, kuma duk yaran sun wuce shekara huɗu. Lokacin da kuke cewa a ba shi, shi ne fa lokacin da ake ƙwace masa.

Abin da nake zargi a wajen irin waɗannan yaran shi ne otizim, wanda a rediyo za ku ji ana ce masa galahanga, duk da mu nan duk yaron da ya fita daban galahanga muke ce masa ko ɗan ruwa, mu haɗa kurma da mai farfaɗiya da wanda ya sha wahalar haihuwa a kwando ɗaya. Otizim ba hauka ba ne, ba shafar aljanu ba ne, ba kishiya ce ta yi masa asiri ba, kuma ba rashin tarbiyya ba ne. Haka Allah ya halicci ƙwaƙwalwarsa, hanyar da yake fahimtar mutane da hanyar da yake isar da abin da ke ransa ta sha bamban da ta sauran yara. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da shi, kuma an fi gano shi a maza. Ku lissafa yaran layinku da na islamiyyar unguwarku, za ku san ba ciwon Turawa ba ne, yana cikin gidajenmu, ɓoye shi kawai muke a ɗaki in baƙi sun zo.

Ni ba na ganin laifin uwa, Allah ya sani. Mafi yawan lokaci ita ce ta fara lura, tun yana goye ta san wannan ba kamar yayyensa ba ne, ba ya kallon idonta in tana shayar da shi, ba ya miƙo hannu a ɗauke shi. Sai ta faɗa wa maigida ya ce kin cika ƙorafi, ta faɗa wa uwar miji a ce bakinki ya sari ɗanyen kashi, kina yi wa jikana mugun fata. Sai ta ja bakinta ta yi shiru. Shekara biyu ta wuce, uku ta wuce, a kai shi wajen wanzami a duba ƙasan harshe a yanka, a yi hayaƙi, a yi rubutu, a sa shi makaranta malami ya yi ta zane shi wai taurin kai ne da shi, har a koro shi. Sai ya kai bakwai yana duka yana cizo yana buga kai da bango saboda ba mai gane abin da yake so, sannan a kwaso shi a kawo mana a ce Sista ku taimaka. Haba jama'a! Addu'a kam ku yi, mu ma muna yi, amma wa ya ce addu'a ta hana zuwa asibiti? In zazzaɓi ne ai ba kwa cewa a ba shi lokaci.

Iyayenmu kakanni, da girmamawa nake roƙonku. E, akwai yaran da ke jinkirin magana kuma su zo su yi ta tas. Amma irin wannan yaron za ki ga yana nuna miki abu da yatsa, yana kawo miki abin wasansa ki gani, kin ce ɗauko takalminka ya ɗauko, yana kallon idonki yana dariya. Wanda nake magana a kai ba ya yin waɗannan. In yana son ruwa sai ya ja hannunki ya ɗora kan randa ba tare da ya dube ki ba. Ya jera marafan kwalba a layi, in aka taɓa ɗaya gidan ya kama da wuta. Injin markaɗe ko janareta na tashi ya toshe kunne yana ihu. Wani ma yana magana, amma maimaici ne, ki ce "kana son shayi?" ya ce "kana son shayi?", ko ya haddace tallar talabijin kaf amma ba zai iya cewa cikina na ciwo ba. Wani kuma ya fara "Mama" "Baba" yana shekara ɗaya da rabi sai maganar ta ɗauke ɗif. Wannan na ƙarshen ko kwana ɗaya kar a ƙara a gida.

Ƙwararru na iya gane otizim tun yaro na shekara 2. Ba a gane shi da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa, zama ake yi da iyaye a yi tambayoyi, a sa ido a ga yadda yaron ke wasa da mu'amala. Akwai wata takardar tantancewa da ake kira M-CHAT, tambayoyi 20 ne kacal na e ko a'a, ga yara 'yan wata 16 zuwa 30, irin su in kin nuna masa abu daga nesa yana kallon wajen? A Amurka ƙungiyar likitocin yara ta ce a tantance kowane yaro a wata 18 da wata 24. Mu nan kuwa, gaskiya mu ma ma'aikata da namu laifin. Mu ɗora yaro a sikeli, mu auna damtse, mu cika kati, mu ce mai bi, ba wanda ke tambayar uwa yana amsa sunansa? Allurar ƙyanda ta biyu a wata 15 ake yi, daga ita yawanci ba ma sake ganin yaro sai ciwo ya kawo shi, to me zai hana a wannan zuwan a yi wa uwa tambaya uku huɗu? Minti biyu ne. Ni dai na fara, kuma ina roƙon 'yan uwana na sauran asibitocin sha-ka-tafi su fara, don likitocin da suka ƙware a wannan fannin kaɗan ne ƙwarai, in ba mu muka tace muka tura da wuri ba layin ba zai taɓa raguwa ba.

Tunda na ambaci allura, masu cewa rigakafi ke kawo otizim ku ji. Wani likita ne a Ingila ya fito da zancen a 1998, aka bincika aka tarar aikin nasa akwai maguɗi, mujallar da ta buga ta janye shi a 2010, shi kuma aka soke lasisinsa. A Denmak an bi yara sama da 650,000 ba a ga wata alaƙa ba. Ku kawo yaranku allura.

Abin da ya fi ƙona min rai da wannan jiran shi ne akwai abin yi, kuma yawancinsa a hannun uwa yake, ba sai da kuɗi masu yawa ba. A Ingila an yi wani bincike da yara 152 'yan shekara 2 zuwa 4, ba magani aka ba su ba, iyayen rabinsu aka koya wa. A ɗauki bidiyon uwa tana wasa da ɗanta, a zauna da ita a kalla, a nuna mata kin ga nan ya ɗan kalle ki, nan ya tura miki mota, magana ce yake miki da irin yarensa, ki dakata ki amsa masa. Da aka koma bayan wajen shekara shida, sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna yaran da aka koya wa iyayensu sun fi sauran samun sauƙin alamomin. An gwada irinsa a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, kuma ma'aikatan da ba ƙwararru ba irinmu ne suka koyar da iyayen. Wanda bakinsa bai buɗe ba ana koya masa da hotuna, ya miƙo hoton kofi a ba shi ruwa, kuma kar ku ji tsoro, bincike bai nuna hoto ko alamar hannu na hana magana fitowa ba. Babu allura ko ƙwaya da ke warkar da otizim, duk wanda ya ce miki yana da shi a jarka kuɗinki yake so. Amma yaron da aka fara da shi yana shekara biyu ba ɗaya yake da wanda aka kulle har shekara takwas ba. Kun ga abin da "a ba shi lokaci" ke cinyewa?

Ga abin da nake so, a gurguje:

Shekara 1 ba ya waigowa in an kira sunansa, ku kawo shi.
Wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, ba kalma ko ɗaya, ku kawo shi.
Shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko ya fara magana ta ɗauke, ku kawo shi.
A fara duba kunne, wani kurumta ce.
In yana suma ko farfaɗiya ku faɗa, wannan tana da magani.
A daina duka, a daina kai shi wajen wanzami, a rage ba shi waya ya wuni a kanta, ki zauna ƙasa daidai fuskarsa ki bi wasan da yake so, kalma ɗaya-ɗaya gajeru.

In mun ba ku takardar turawa ku je, sashen yara na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Shika a Zariya, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri, wanda ya fi kusa da ku. Kar sunan asibitin ƙwaƙwalwa ya firgita ku, ba ɗaure shi za a yi ba. Kuma maigida, dan girman Allah ka raka ta, tambayoyin da za a yi har da kai, kuma in kai ka ji da kunnenka Hajiya za ta fi yarda.

Matar nan ta ranar Talata na rubuta mata takarda, ta ninke ta sa cikin katin awon jaririyar, idonta ya kawo ruwa ta ce "Sista ni dama na sani tun yana goye." Ta ce sai ta shawarci babansa. Nan da wata biyar za ta dawo allurar ƙyanda ta jaririyar, na rubuta sunan yaron da jan biro a gefen rajista don kar in manta in tambaye ta ko sun je.