Farfaɗo da Tsakiyar Birni da Gogayyarta da Cibiyoyin Kasuwanci na Wajen Gari

Farfaɗo da tsakiyar birni na nufin yunƙurin mayar da ciniki, mazauna da hada-hadar dare zuwa tsohuwar cibiyar gari bayan ta shafe shekaru tana durƙushewa. Abokan gogayyarta su ne cibiyoyin kasuwanci na wajen gari, wato manyan rukunonin shaguna, ofisoshi, gidajen abinci da na sinima da ake ginawa a bakin manyan hanyoyi, filin ajiye motoci ya kewaye su ta ko'ina. A Amurka ne wannan ja-in-ja ya fi tsanani, can kuma aka fi yin nazarinsa, amma ya auku a Birtaniya, Faransa, Japan da Afirka ta Kudu. Sau da yawa akan ce zaɓin mai saye ne ya raba gardama. Tarihin lamarin ya nuna cewa hanyoyin da gwamnati ta shimfiɗa, harajin da ta sassauta da lasisin da ta bayar ko ta hana su ne suka share wa mai sayen hanya tun kafin ya fito daga gida.

Yadda ciniki ya fita daga tsakiyar gari

Har zuwa shekarun 1940, layukan jirgin ƙasa da na bas a biranen Amurka galibi tsakiyar gari suke nufa. Can manyan kantuna suke, can bankuna da otal-otal da gidajen wasan kwaikwayo. An fara ganin alamar sauyi a 1923, lokacin da J. C. Nichols ya buɗe Country Club Plaza a Kansas City, rukunin shaguna da aka tsara domin masu zuwa da mota. Amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya kankama.

Abubuwa da dama suka haɗu. Bashin sayen gida da gwamnatin tarayya ta tsaya wa, musamman ga sojojin da suka dawo daga yaƙi, ya fi karkata ga sababbin gidaje a wajen gari, irin su Levittown da aka fara ginawa a 1947 kusa da New York. Tsofaffin unguwannin cikin gari kuwa, galibi inda baƙar fata ke zaune, an ja musu jan layi a taswira, bankuna suka riƙa ƙin ba su bashi. A 1954 aka sauya dokar haraji ta yadda mai sabon gini zai riƙa cire wani kaso mai tsoka na kuɗin ginin daga harajinsa tun a shekarun farko, abin da ya sa gina sabon kanti a fili ya fi gyaran tsoho riba. A 1956 kuma Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyi masu tsawon mil 41,000, waɗanda da yawansu suka ratsa ta tsakiyar birane, suka rushe unguwanni, suka kuma sauƙaƙa fita.

A wannan shekara ce aka buɗe Southdale Center a Edina, kusa da Minneapolis, rukunin shaguna na farko a ƙasar da aka rufe baki ɗaya ƙarƙashin rufi guda. Hawa biyu ne, da shaguna 72, da manyan kantuna biyu masu hamayya da juna a ɓangarorinsa. A tsakiya akwai farfajiya mai bishiyoyi, kududdufin kifi da kejin tsuntsaye. A waje kuma filin da zai ɗauki motoci fiye da 5,000. A jihar da hunturunta ke daskarar da ruwa, mutum zai cire rigar sanyi ya yi ta yawo a ciki kamar bazara. Wanda ya zana ginin, Victor Gruen, haifaffen Vienna ne, kuma abin da ya so shi ne ya kawo wa Amurkawa irin dandalin garinsu, da gidaje da makarantu da asibiti a kewaye. Shagunan aka gina, amma cikakken tsarin nasa ya tsaya a takarda. A ƙarshen rayuwarsa ya fito fili ya ce ba ruwansa da abin da aka mayar da tunaninsa.

Detroit ce misalin da aka fi kawowa. Kamfanin Hudson's, mai katafaren kanti a tsakiyar birnin, shi da kansa ya gina Northland Center a wajen gari a 1954. Masu saye suka bi shi can, har ta kai ya rufe kantinsa na asali a 1983, aka rushe ginin a 1998. Mutanen birnin da suka kusa miliyan 1.85 a 1950 sun koma kimanin 639,000 a ƙidayar 2020. Ita ma Northland ba ta tsira ba: an rufe ta a 2015.

Bayan shaguna sai ofisoshi. Ɗan jarida Joel Garreau ya bayyana wannan mataki a 1991, ya kira irin waɗannan wurare biranen gefe, ya kuma ba da Tysons Corner ta jihar Virginia a matsayin babban misali: mahaɗar hanya ce ta karkara da ta rikiɗe ta zama cibiyar ofisoshi. Haka ta faru a Johannesburg, inda kamfanoni suka riƙa ƙaura zuwa unguwar Sandton da ke wajen tsakiyar birnin, har kasuwar hannun jari ta bi sahu a 2000.

Dabarun farfaɗowa

Yunƙurin farko ya ƙara dagula lamarin ne. Ƙarƙashin dokar gidaje ta 1949, birane suka rushe tsofaffin layuka da sunan sabuntawa, suka maye gurbinsu da dogayen gine-gine da filayen ajiye motoci, wato suka mayar da tsakiyar gari kwaikwayon wajen gari, alhali ba za ta taɓa kamo shi wajen yalwar fili ba. Marubuciya Jane Jacobs ta soki wannan hanya a littafinta na 1961. Hujjarta ita ce titi yana rayuwa ne idan amfaninsa ya cakuɗa, gida da shago da ofis da wurin shaƙatawa a layi ɗaya, ta yadda kowane lokaci akwai mai wucewa, akwai kuma idon da ke kallon titi daga taga ko bakin shago. Ta ƙara da cewa tsofaffin gine-gine masu arhar haya su ne ke ba ƙaramin ɗan kasuwa damar farawa.

An kuma gwada hana motoci shiga manyan titunan ciniki. Kalamazoo ta jihar Michigan ta fara a 1959, birane kusan 200 suka biyo baya, amma yawancinsu daga baya sun sake buɗe titunan. A Copenhagen ta Denmark, inda aka yi haka da titin Strøget a 1962, abin ya ɗore. Bambancin a bayyane yake: can mutane na zaune a kusa, suna zuwa da ƙafa ko keke, a biranen Amurka kuwa an hana mota shiga inda ba mai zuwa sai da mota.

Daga shekarun 1970 aka koma ga nishaɗi. Ɗan kasuwar gine-gine James Rouse ya gyara tsohuwar kasuwar Quincy a Boston a 1976, ya buɗe Harborplace a bakin tashar ruwan Baltimore a 1980. Sai filayen wasa, bayan nasarar Camden Yards, filin wasan baseball da aka buɗe a tsakiyar Baltimore a 1992. Waɗannan suna kawo jama'a a ranar wasa, amma masana tattalin arziki da dama sun yi ittifaƙin cewa kuɗin gwamnati da ake zubawa a filayen wasa ba kasafai suke dawowa ba, domin kuɗin da mutum ya kashe a filin ƙwallo da ma zai kashe shi a wani wuri cikin garin.

Dabarun da suka fi tasiri ba su da armashin kallo. A 1970 'yan kasuwar Bloor West Village a Toronto suka amince a ɗora musu ƙarin haraji domin shara, fitilu da ƙawata layinsu. Wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, har da dandalin Times Square na New York a 1992. Abin da suka yi ke nan: sun ari babban makamin kantin wajen gari, wato hukuma ɗaya mai kula da wuri gaba ɗaya. Rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari ga mai gyaran ginin tarihi ya ceto gine-gine da dama a Amurka. Los Angeles kuma ta yi doka a 1999 da ta sauƙaƙa mayar da tsofaffin ofisoshi gidajen zama, aka samu dubban mazauna a inda a da ƙarfe shida na yamma sai ka ga kamar an yi ruwa an ɗauke.

Turai ta fi dogara da doka. Faransa ta taƙaita buɗe manyan kantuna da dokar Royer ta 1973, sannan a 2018 ta ware yuro biliyan 5 domin tsakiyar matsakaitan birane 222. Ingila, bayan ta ga abin da manyan rukunonin shagunan wajen gari irin su MetroCentre ta Gateshead da Meadowhall ta Sheffield suka yi wa titunan ciniki, ta shimfiɗa ƙa'ida a 1996 cewa mai son gina babban kanti sai ya fara neman wuri a tsakiyar gari, in babu ya duba gefenta, sai in duk an rasa ya fita waje.

Hada-hadar dare

A nan ne bambancin wuraren biyu ya fi fitowa. Ciniki na rana yana bin sauƙi: inda za a ajiye mota kyauta, a sayi kaya, a loda, a tafi. Mai fita da dare kuwa wasu mutane yake nema. Yana so ya ci abinci a nan, ya taka zuwa gidan waƙa a can, ya leƙa wani wuri in na farko bai yi masa ba. Wannan na buƙatar ƙofofi da yawa kusa da juna, abin da tsohon titi ke da shi, filin ajiye motoci kuma ba shi da shi. Akwai kuma batun komawa gida. Inda ake shan barasa, wurin da ba a zuwa sai da mota yana da matsala tun daga tushe. Ba masu shaƙatawa kaɗai ba: mai dafa abinci da mai wanke kwanuka da mai gadi da suka tashi aiki ƙarfe biyu na dare su ma suna buƙatar abin hawa, kuma su ne suka fi kowa jin jiki in babu. Shi ya sa fara zirga-zirgar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan har wayewar gari a daren Juma'a da Asabar, a watan Agusta na 2016, ake lissafa shi cikin manufofin tattalin arziki.

Birane sun soma ɗaukar dare a matsayin sashen mulki mai zaman kansa. Amsterdam ta shahara da muƙamin magajin garin dare, mai shiga tsakanin hukuma, mazauna da masu sana'ar dare, wanda Mirik Milan ya riƙe daga 2012. Landan ta naɗa Amy Lamé a irin wannan muƙami a 2016. New York ta kafa ofishin harkokin dare a 2017, ta kuma soke dokar 1926 da ta hana rawa a wurin da ba shi da lasisi na musamman. Sydney ta bi akasin haka: bayan kashe-kashen da suka biyo bayan faɗan 'yan maye, a 2014 aka hana shiga mashaya a tsakiyar birnin da unguwar Kings Cross bayan ƙarfe 1:30 na dare, aka kuma tsayar da sayar da barasa ƙarfe 3. Duke-duke sun ragu a yankin, wurare da dama sun rufe, jama'a suka koma wasu unguwanni. An janye dokar a yawancin yankin a 2020, a Kings Cross kuma a 2021.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Farfaɗowa na buƙatar mazauna, mazauna kuma suna son barci. Gidan waƙa ne ke sa unguwa ta yi suna, suna ya ɗaga haya, sababbin masu gida su shigo su kai ƙarar hayaniya, a ƙarshe wanda ya raya wurin shi ake kora. Ingila ta sa wata ƙa'ida cikin tsarin gine-ginenta a 2018: wanda ya zo daga baya shi zai ɗauki nauyin toshe ƙara. In ka gina gidaje kusa da tsohon gidan rawa, kai za ka sa bango mai kauri. Ƙa'idar ta magance ƙara, ba ta magance haya ba.

Wajen gari ya koyi darasi

Masu gina kantunan wajen gari ba su zauna ba. Da rufaffun kantuna suka fara mutuwa, sai suka koma gina titunan kwaikwayo marasa rufi, masu fitilu da kujeru da gidajen abinci a bakin hanya, irin su Easton Town Center a Columbus a 1999 da The Grove a Los Angeles a 2002. A Lakewood ta jihar Colorado an rushe tsohon kantin Villa Italia aka yanka filin layi-layi. Tysons ta samu jirgin ƙasa a 2014, tana kuma gina gidaje. A 2017 ƙungiyar wasan baseball ta Atlanta Braves ta bar cikin birni ta koma gundumar Cobb, inda ta gina fili tare da unguwar shaƙatawa mai suna The Battery. A shekarar ce kuma ƙungiyar ƙwallon kwando ta Detroit Pistons ta yi akasin haka, ta baro Auburn Hills da ke wajen Detroit ta dawo tsakiyar gari.

Irin waɗannan wurare suna da tsabta da tsaro, iyalai kuma suna son su. Sai dai titin na kamfani ne. Shi ke zaɓen ɗan haya, shi ke sa lokacin rufewa, yana kuma da ikon korar mai zanga-zanga ko mai talla. Hayarsu ta fi dacewa da kamfanoni masu rassa da yawa, don haka da wuya a ga sabon mawaƙi ko mai ƙaramin jari ya fara daga can.

Bayan 2020

Annobar korona ta tona asirin tsakiyar biranen da suka dogara da ma'aikatan ofis kaɗai. Da aiki daga gida ya zauna da gindinsa, kuɗin abincin rana da na shaƙatawar bayan aiki suka koma unguwannin da mutane ke kwana. Masana biyu na Jami'ar Stanford, Arjun Ramani da Nicholas Bloom, sun kwatanta lamarin a 2021 da zobe: tsakiya ta rame, kewaye ya cika. A San Francisco ofisoshin da babu kowa a ciki sun haura kashi 30 cikin ɗari a 2023, shekarar da kamfanin rukunonin shaguna na Westfield ya saki babban kantinsa na tsakiyar birnin. Calgary ta Kanada ta fara biyan masu gini tallafi a 2021 domin su mayar da ofisoshi gidaje. Aikin ba sauƙi gare shi ba. Ofisoshin zamani suna da faɗi ƙwarai, tsakiyarsu ba ta samun hasken taga, bututun ruwansu kuma a wuri ɗaya aka tara su, alhali kowane gida na son kicin da banɗakinsa. Saboda haka siraran gine-ginen da aka yi kafin zuwan na'urar sanyaya ɗaki, masu tagogin da ke buɗewa, su ne ake fara juyawa.